Zaman Kare a Karofi: Kwikwiyon da Muke Kullewa Mu Tafi Aiki

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe ake rufe ƙofar gidan da ke maƙwabtaka da mu a Samaru. Maigidan ya nufi cikin jami'a, uwargidan ta kama hanyar Shika, yara kuma suna makaranta. Kafin motar ta fita daga layi kukan ya fara. Kwikwiyo ne ɗan wata uku, wanda aka sayo da tsada bayan ɓarayi sun haura wata katanga a unguwar. Yakan yi ta kuka har muryarsa ta dushe, ya huta, ya sake dasawa. Wata rana da la'asar masu gidan suka tarar ya gurgure tiyon ban ruwa, ya tone gindin gwanda, ya yayyaga takalmin yaro. Aka yanke masa hukuncin da aka saba yankewa: sarƙa.

Ra'ayina shi ne an hukunta wanda ba shi da laifi. Kwikwiyon ba fitinanne ba ne, marar aikin yi ne. Kuma abin wasan da ake ɗura wa abinci a bar masa, wanda da yawanmu ke yi wa kallon sakarcin Turawa, ya fi sarƙa kusa da yadda kakanninmu suka riƙe kare.

Bahaushe bai san kare a matsayin ɗan zaman ɗaki ba. Ya san karen mafarauci da ke wuni a daji yana bin sawu, da na makiyayi da ke zagaye garke. Ko a shari'a, izinin riƙe kare ya zo ne a haɗe da aiki: farauta, kiwo da tsaron gona, sannan malamai suka yi ƙiyasin tsaron gida a kai. Ana hakaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan Zazzau, shi ma ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana jin tsoro. Saboda haka ba baƙon abu ba ne a ga karnuka a gidajen ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, ko a Sabon Gari, inda mutane daga sassan ƙasar nan suka zauna tun zuwan jirgin ƙasa, kowa da irin tasa alaƙar da kare. Abin da yake sabo shi ne gidan da ke zama fayau daga safe zuwa yamma. A da, gida ba ya rabo da mutane. Yau mun ɗauko dabbar da aka halitta da hancin neman abinci, mun kulle ta a tsakar gida mai daɓen siminti, mun ajiye mata ƙanzo a kwano wanda za ta lashe cikin minti biyu. Sauran sa'o'i takwas kuwa sai zaman kare a karofi.

Akwai dalilai biyu da suka sa kwikwiyo ba zai iya wannan zaman ba. Na farko haƙori ne. Yana da haƙoran nono 28, waɗanda ke zubewa tsakanin wata uku zuwa shida ko bakwai, 42 na girma su maye gurbinsu. A wannan tsakanin dasashinsa na ƙaiƙayi, don haka dole ya tauna wani abu. Zaɓin da ya rage mana kawai shi ne me zai tauna. Na biyu ɗabi'a ce. A shekarar 1963 wani masanin halayyar dabbobi a Amurka, Glen Jensen, ya nuna cewa ɓeraye kan ci gaba da danna sanda don samun abinci ko da an ajiye musu irinsa kyauta a gefe. Daga baya an ga haka a dabbobi da dama. Neman abincin kansa wani ɓangare ne na jin daɗin cinsa.

Kan wannan aka gina kayan wasan da nake magana. Mafi shahara shi ne Kong, wata roba mai rami a ciki, wadda wani Ba'amurke, Joe Markham, ya fito da ita a shekarun 1970. Karensa yana lalata haƙoransa da tauna duwatsu, sai wata rana ya ga ya maƙale wa wani guntun roba da aka ciro daga motar Volkswagen. Ba na kawo sunan don talla ba. Na kawo shi ne don a ga cewa asalin abin dabarar gareji ce, irin wadda kowane makanike a Kwangila zai gane.

Wanda ya tashi zaɓa, ko a shagon magungunan dabbobi ko ta intanet, ga abin da ya kamata ya duba.

Girma tukuna. Duk abin da zai shige bakin kwikwiyo gaba ɗaya zai iya maƙale masa a maƙogwaro, kuma wanda ya dace da shi a wata uku ya yi masa ƙanƙanta a wata shida. Idan mai rami ne, ya kasance da huda biyu, domin mai huda ɗaya yana iya zuƙe harshe ya riƙe.

Sai tauri. A danna da farce: idan bai lotsa ko kaɗan ba, zai iya fasa haƙori, idan kuma yana ɓantarewa, za a haɗiye ɓantaren. Nan ne araha ba ta ado. 'Yan ƙwallayen yara da ake zubawa a tebur a kasuwar Sabon Gari, masu siririyar roba da usur a ciki, ba a yi su don muƙamuƙin kare ba. Tsohuwar taya tana da waya a ciki. Tsohon silifas kuwa darasi ne marar kyau, don kwikwiyo bai san bambancinsa da sabon takalmin maigida ba.

Na uku, wahalar fitar da abincin. A fara da sauƙi, yadda da ya mirgina abin, abinci zai zubo. Idan ya gane, a riƙa cusawa da ɗan ƙarfi. Wanda aka fara wa da mai wuya zai yi fushi ya koma wa tiyo.

Na huɗu, wanki. Shafukan Turawa kan ce a cika abin a daskarar da shi a firiji, shawarar da ke buƙatar wutar da ba kullum muke da ita ba. A zafin Maris da Afrilu jiƙaƙƙen abinci kan lalace kafin azahar, ga ƙuda ga tururuwa. Busasshe ya fi dacewa da mu, kuma a zaɓi abin da buroshi zai shiga cikinsa a wanke kullum.

Abin da ake zubawa ciki ya fito daga kason abincinsa na yini, ba ƙari ba. Busasshen abincin kare, dafaffen dankali, kabewa, ƙwai ko nama marar yaji duk sun yi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, don haka ragowar tsire, kilishi da miyar gida ba nasa ba ne. Cakulan da inabi guba ne a gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna yana cutar da hantarsa.

A ƙarshe, kada a bar masa sabon abu a rana ta farko a fita. A gwada ranar Asabar ana kallonsa. Wanda ba shi da kuɗin saye yana iya watsa abincin cikin ciyawa ya bar hanci ya yi aikinsa, ko ya ɓoye shi a wurare uku ko huɗu a tsakar gida. Gorar ruwa da aka huda, aka cire murfi da zobensa, ita ma tana aiki, amma sai a gaban mutum.

Na san abin da wani zai ce: a wannan tsadar rayuwa, da mutane ke neman na tuwo, ana maganar wasan kare? Tambayar tana da nauyi, kuma wanda ya ce ba zai ajiye kare ba sam, ya fi ni hujja. Maganata da wanda ya riga ya ajiye ne. Shi bai da zaɓin rashin kashewa. Ko dai ya kashe kaɗan yau, ko da yawa gobe. Karen da ya tashi a kan sarƙa, bai saba da mutane ba, bai san komai ba sai takaici, ba mai gadi yake zama ba. Matsoraci yake zama, kuma matsoracin kare ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya leƙo ko ɗan maƙwabcin da ya biyo ƙwallonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Roba ba ta hana wannan ciwo, allurar rigakafi ce ke hanawa, kuma mutumin Samaru, da asibitin koyarwa na dabbobi a cikin jami'a, ba shi da uzurin nisa. Amma karen da ba ya cizo shi ne katanga ta farko.

Kada kuma a ɗora wa roba abin da ba za ta iya ba. Mintuna take cinyewa, ba sa'o'i ba. Amfaninta shi ne ta haye da kwikwiyo lokacin da ya fi wuya, wato bayan rufe ƙofa, har barci ya ɗauke shi. Ɗan wata uku ba zai riƙe fitsari daga safe zuwa la'asar ba. Yana buƙatar inuwa, ruwa, da wani da zai leƙo shi da rana. Ga kuma wata alama: idan aka dawo aka tarar da abin a cike bai taɓa ba, to ba gundura ke damunsa ba, firgicin kaɗaici ne, domin mai firgici ba ya cin abinci. Maganin wannan shi ne a koya masa zama shi kaɗai sannu a hankali, daga mintuna kaɗan zuwa sama, a kuma nemi likitan dabbobi idan abin ya ƙi.

Mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Mukan tsaya a kan yunwar, mu manta da tsarewar. Duk dabbar da muka rufe wa ƙofa mun raba ta da hanyar da za ta kula da kanta, nauyin ya dawo wuyanmu. Kwikwiyon maƙwabtana yanzu ya kusa shekara. Ya daina kuka, sai haushi ga duk wanda ya gifta, kuma yaran layinmu sun koma bin ɗaya gefen hanyar.