Mai rauni yana bukatar mai tsaya masa

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Ƙonni ya san babbar hanyar kwalta ba ta barci. Manyan motoci suna fitowa daga Yamai su nufi Maraɗi da Damagaram, waɗansu su karkata a Tsarnawa su bi ta Badagishiri zuwa Tawa. Ga masu ɗaukar simintin Malbaza, ga masu lodin albasar Galmi, ga ƴan kabu-kabu da masu amalanke suna kutsawa a tsakaninsu. Wannan kai da kawowa arziki ne ga ƙasa, ba mu musu. Amma hanyar da ke kawo arzikin ita ce kuma ke karya ƙafar manomi ana gab da shuka, ta bar mata da takaba, ƴaƴa da maraici.

Idan haɗari ya auku, mun san yadda abin ke ƙarewa. A kwashi mai rauni zuwa asibiti ko wurin mai ɗori, mai mota ya zo gaisuwa da dattawan unguwarsu, ya ajiye ɗan abin da ya samu, a ce ƙaddara ce, a yi fatiha a watse. Bayan wata shida an sayar da bisashe, an jinginar da gona, mutumin yana dogara sanda, ba mai tuna shi. Haƙuri hali ne na gari, yarda da ƙaddara kuma wajibi ce. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ajiye diyya a kan kisan kuskure, har malaman fiƙihu suka ƙayyade ta da raƙuma 100. Saboda haka wanda ya nemi haƙƙinsa bai yi wa ƙaddara tawaye ba.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Aya ta 1382 ta kundin dokokin zaman jama'a ta wajabta wa duk wanda laifinsa ya jawo wa wani ɓarna ya biya ɓarnar. Game da motoci kuwa, akwai dokar asiransi, wato inshora, ta ƙungiyar CIMA, wadda ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, har da Nijar, suka sa wa yarjejeniyarta hannu a Yawunde ran 10 ga Yuli 1992, ta soma aiki a 1995. Dokar ta tilasta wa kowane mai mota ko babur ya yi asiransi saboda mutanen da zai iya cutarwa. Ta ce fasinja ko mai tafiya a ƙasa da aka yi wa rauni a jiki, a biya shi ko da akwai nasa ganganci a ciki, sai fa in shi ya jefa kansa da gangan. Kamfanin asiransi ne ya kamata ya kawo tayin diyya cikin wa'adin da doka ta yanka masa, ya kuma sanar da mai rauni cewa yana da ikon ganin takardar binciken jandarma, da ikon ɗaukar wanda zai ba shi shawara. Wanda ya sa hannu a sulhu sannan ya gane an saɓa wa doka, yana da kwana 15 ya warware shi a rubuce.

To, mutum nawa ne a Ilela ko a ƙauyukan Malbaza suka san wannan? Wanda ya sani ma, yaya zai yi da lissafin? Ana auna diyya ne da yawan naƙasar da likita ya rubuta, da shekarun mutum, da abin da yake samu, da kuma mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka ɗaga zuwa jika 42 a wata tun daga Janairun 2024. Kamfani yana da masanansa da ke wannan lissafi kullum safiya. Manomi yana da ɗan yatsan da zai dangwala. Tsakanin waɗannan biyu ake bukatar lauya, wanda a nan muka fi sani da aboka: mutumin da zai karɓo takardar jandarma, ya nemi wani likita ya sake awo in awon farko ya yi ƙasa, ya ƙidaya magada kada a manta da kowa, ya kai magana gaban alƙali in sulhu ya ƙi.

Ɓarnar da ke faruwa wajen magani ta fi wannan wuyar sha'ani. Likita bai yi wa kowa alkawarin warkarwa ba, domin waraka ta Allah ce. Abin da doka ta ɗora masa shi ne ya yi aiki da kula, bisa ilimin da aka sani. Malaman lafiyarmu suna aiki cikin ƙarancin kaya da yawan marasa lafiya, kuma yawancinsu sun cancanci godiya. Amma akwai sakaci, akwai kuma masu allurar kasuwa da ba su taɓa shiga makarantar lafiya ba. Kowa ya ga yaron da aka yi wa allurar zazzaɓi a ɗuwawu ba a gurbinta ba, ta taɓa jijiya, ya tashi yana jan ƙafa har girmansa. Rarrabe ciwon da ya fi ƙarfin likita da ɓarnar da hannu ya yi, aiki ne mai bukatar lauyan da ya iya karanta takardun asibiti. Irin wannan lauya yana kare mara lafiya, yana kuma wanke likitan kirki daga zargin banza.

Mai shakkar abin da lauya ɗaya zai iya, ya dubi maƙwabtanmu na Kano. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin magani na Amurka mai suna Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a bayyana masu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganinsa ba. Wani lauyan Najeriya, Etigwe Uwa, yana matashi a lokacin, ya ɗauki maganar iyayen tare da wani lauyan Amurka, Richard Altschuler, suka yi shekaru suna bin ta. A 2007 gwamnatin jihar Kano ta shigar da tata ƙara. A 2009 aka yi sulhu a kan dalar Amurka miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba: miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 domin ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a watan Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) ya tabbatar da dangantakarsu da yaran.

Darasi biyu ke cikin wannan labari. Na farko, talakan da ya samu mai tsaya masa yana iya zaunar da babban kamfani a teburin sulhu. Na biyu, shekara 15 aka yi kafin kuɗin farko ya shiga hannu, kuma babban abin da ya wahalar da iyaye shi ne rashin takarda. A tsakanin nan kuma zuciyar jama'a ta ɓaci: lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. In aka bar ɓarna ba bincike, ba wanda aka cuta kaɗai ke asara ba, har asibiti yana rasa amincewar mutane.

Matsalarmu a nan ita ce nisa. Akwai babbar kotu a Ƙonni, amma kusan dukan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, tafiyar fiye da kilomita 400. A Amurka lauyan masu rauni yakan ɗauki shari'a ba a ba shi ko sisi ba, in an ci ya karɓi wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma diyyar can tana da kauri. A wurinmu doka ta yi wa diyya ma'auni da iyaka, kuɗin mota da masauki na zuwa biyu ko uku suna iya cinye rabon maraya. Shi ya sa lauyan Yamai ba ya ɗokin zuwa, mai rauni kuma ba ya ɗokin kiransa. Wurin da lauya ya bari, dillalan bakin kotu ne ke cika shi, su karɓi takardun mutum da wakilcinsa, su kawo masa abin da suka ga dama.

Hukuma ta san da wannan giɓi. Dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ domin ba marasa ƙarfi shawara da taimako a gaban shari'a, tana kuma da ofisoshi a manyan kotuna. Muna kira ga mahukunta su ƙarfafa ta da kuɗi da ma'aikata, ta riƙa fita ran kasuwa zuwa Ilela da Malbaza da Dogerawa tana bayani da Hausa. Muna kira ga ƙungiyar lauyoyi ta sauƙaƙa wa matasanta buɗe ofis a cikin jihohi. Jandarmomi su gaggauta rubuta takardar haɗari, su kuma tsananta binciken asiransi a kan hanya, domin motar da ba ta da shi, in ta kaɗe mutum, sai a koma bin mai ita, wanda sau da yawa ba shi da abin biya. Shugabannin asibitoci su ga cewa ana rubuta abin da aka yi wa kowane mara lafiya, ana kuma adana shi.

Ga ƴaƴanmu masu karatun shari'a a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, muna cewa: hanyar zama lauya doguwa ce, ga jarrabawa, ga shekara uku na koyon aiki a ƙarƙashin babba. In kun gama, ku tuna da gida. Aikin masu rauni ba ya kawo kuɗi da sauri kamar shari'ar bankuna, kuma yana bukatar mutum ya koyi harshen likitoci, ya jure zaman jiran takarda. Amma lauyan da ke zaune a Ƙonni ba shi da kuɗin tafiya da zai ɗora wa kowa, yana jin harshen mutanensa, kuma shari'o'in da ke kan wannan hanya sun isa su riƙe ofis. Sharaɗi ɗaya ne: ya faɗa wa mutum ladan aikinsa tun farko, a rubuce, kada ya zama kura da fatar akuya.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka yi yaƙi da jahilci, yau ga ranar karatunku. In haɗari ya auku a garinku, ku rubuta lambar motar da ranar da wurin da sunayen shaidu. Ku tabbata an kira jandarma. Ku karɓi takardar likita tun ranar farko, ku adana takardun magani da rasiɗan kuɗi a wuri guda. Kada ku bar ɗan'uwanku ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba, kada kuma ku yi jinkiri, domin haƙƙin kai ƙara yana da wa'adi. Wanda ya ga dama ya yafe bayan ya san abin da yake bi, wannan alheri ne, Allah ya ba shi lada. Amma a bari ya sani tukuna.

Allah ya kiyaye mu a kan hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.