Shiga Rini Da Sauƙi, Fita Ce Da Wuya

Akwai wata wahala da matan Turawa ke jawo wa kansu, wadda mai karatu zai ɗauka abin dariya ce, amma in ya duba da kyau sai ya ga akwai hasarar kuɗi da ta lafiya a cikinta. A ƙasashen arewacin Turai, kamar su Suwidin da Norwe da Finlan, har zuwa Jamus da Ingila da Amurka, akwai mutane da yawa waɗanda aka halitta da gashi mai haske, fatsi-fatsi, mai ruwan zinariya. Sai rana ɗaya yarinya ta ga ya gundure ta, ta shiga kanti ta sayi kwalin rini, kafin minti 40 ta mai da kanta baƙi wuluk. Bayan wata shida marmari ya wuce, ta ce ita fa gashinta na dā take so. To, a nan ake yin ta.

Ra'ayina shi ne, babu wani magani cikin kwalba da zai mayar mata da wannan gashi. Mai mayarwa kaɗai shi ne lokaci, almakashi na taimakonsa. Masu sayar da rini sun san haka sarai, kamata ya yi kuwa su faɗa wa mai saye tun kafin ta buɗe kwali.

Bari mu fara da yadda rinin ke kama gashi, gama a nan tushen maganar yake. Wani masanin haɗa magunguna a Faris, Eugène Schueller, shi ya haɗa nasa rinin a 1907, ya kafa kamfani a 1909, wanda daga baya ya zama L'Oréal. A 1956 kuma kamfanin Clairol ya shiga sayar wa matan Amurka irin wanda za su shafa da kansu a gida. Irin wannan rini mai daɗewa ba ya tsayawa a bayan gashi yadda farar ƙasa ke tsayawa a jikin bango. Kowane silin gashi yana da ɓawo a jere bisa juna, kamar yadda ake baibaya ɗaki da ciyawa. Amoniya da ke cikin rinin ita ke ɗaga wannan ɓawo, ƙananan ƙwayoyin launi su kutsa ciki. Sa'an nan ruwan feroksaid ya sa su harhaɗu su zama manya, har ƙofar da suka shigo ta yi musu kaɗan. Shi ya sa wanki ba ya fid da su. Daɗin daɗawa, feroksaid ɗin nan ba ya shiga ya fita haka kawai, sai ya ci wani abu daga launin halitta da ya tarar. Watau gashin zinariyar nan da take tsammani yana kwance lafiya ƙarƙashin baƙi yana jiranta, ai tun ranar farko aka taɓa shi.

Kuskuren da suka fi yi shi ne su koma kanti su sayi rini mai haske su shafa bisa baƙin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ya san amsar wannan. Ka kai wa marini farin ƙyalle ya mayar maka baƙi, amma ba ka kai masa baƙi ka ce ya tsoma a rijiya ya fito da fari ba. Masu gyaran gashi na Turai ma ka'idarsu ke nan, rini ba ya ɗaga rini. Abin da kan faru shi ne sabon tsiron da ke gindi ya yi haske ƙal, sauran kuwa ya tsaya yadda yake, kai ya zama launi biyu.

Hanyoyin da suka rage biyu ne. Ta farko wani magani ne mai warin baragurbin ƙwai, saboda farar wutar da ke cikinsa, wanda ke wargaza manyan ƙwayoyin nan su koma ƙanana don a ɗauraye su. Wannan da dama-dama, ba ya cin gashi ƙwarai. Amma in ba a ɗauraye da kyau ba, abin da ya rage yakan sāke haɗuwa, bayan kwana biyu kai ya koma duhu. Ko an yi nasara ma, abin da kan bayyana ja-ja ne ko ruwan goro.

Ta biyu ita ce maganin koɗarwa, wanda ake kira bilic. Shi ba ruwansa da bambanta launin kanti da na halitta, duk cinyewa yake yi. Masu sana'ar sun kasa launin gashi hawa 10, baƙi ƙirin shi ne na 1, mafi haske shi ne na 10. Mai son tashi daga hawa na 2 zuwa na 8 tilas ta bi ta ja, ta bi ta ruwan goro, ta bi ta ruwan ɗorawa, ba tsallake. Feroksaid ɗin da ake gaurayawa kuwa ƙarfinsa iri-iri ne, daga kashi 3 cikin ɗari zuwa 6, da 9, da 12, mai gaggawa kuma kullum hannunta na kan mafi ƙarfi. Ku malaman ofis kun san abin da ke faruwa in an kankare tawada da reza: rubutu ya fita, amma takarda ta yi sirara, in aka sāke kankarewa sai ta huje. Haka gashi yake. Kowane shafi yana tsinke igiyoyin da suka ɗaure naman silin, har ya kai in an jiƙa shi ya riƙa miƙewa kamar danƙo, in ya bushe ya kakkarye. Gashi kuwa ba fata ba ne da zai warke, abin da ya fito daga kai ya riga ya mutu. In maganin ya daɗe bisa fatar kai har ƙuna yakan yi.

Wadda ta yi rini da lalle haɗe da baba, kamar yadda waɗansunsu ke yi don gudun magungunan kanti, tata ta fi wuya. Baba ba ya jin bilic, sau da yawa ma kore-kore yake barin gashi.

Na san za a ce mini ai yanzu sana'a ta ci gaba. Gaskiya ne. Ƙwararren mai gyaran gashi yakan yanki 'yan silai ya gwada tukuna, ya raba aikin zama uku ko huɗu da makonni a tsakani, ya kashe ruwan goro da shuɗi, ya kashe ruwan ɗorawa da shunayya. Tun 2014 kuma akwai magunguna irin su Olaplex waɗanda ake cewa suna rage karyewa. Ban musa ba ana samun kai mai kyaun gani ta haka. Amma a kira abu da sunansa. Wannan sabon rini ne aka yi mai kwaikwayon na halitta, yana koɗewa, yana bukatar a riƙa komawa ana biya. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa musu ba. Gashin zinariya yakan ƙara duhu in mutum ya girma, kuma hasken da take tunawa yawancinsa aikin rana ne bisa bakin gashi shekara da shekaru. Saboda haka ran da sabon tsiro ya fito sai ta gan shi toka-toka, ta ce wannan ba nata ba ne, alhali kuwa shi ne nata.

Ga lissafin haƙuri, ba wuya. Gashi na tsiro wajen rabin inci a wata, watau inci 6 a shekara. Mai gashi zuwa kafaɗa, a ce inci 14, tana bukatar shekara biyu da 'yan watanni, in ana datse bakin a kai a kai. In ta yarda ta yi gajeren aski, shekara ɗaya ta isa. Abin da ke karya zuciyarsu shi ne layin nan da ke raba haske da baƙi, mai saukowa sannu-sannu kowa na gani. Shi ma da dabararsa: a zaɓi 'yan silai nan da can a haskaka su kaɗai don layin ya ɓace, a bar sauran su huta. A ganina a nan ne kaɗai bilic ya yi rana.

Laifi mafi girma ina ɗora shi bisa kamfanoni. A Tarayyar Turai doka ta tilasta musu su rubuta cewa rinin na iya jawo ƙaiƙayi da kumburi mai tsanani, kuma ba a yi shi don wanda bai kai shekara 16 ba. Galibinsu sukan ce a gwada kaɗan a fata a jira awa 48. Madalla. To, me ya hana a ƙara layi ɗaya da manyan baƙaƙe a gaban kwali, kusa da hoton yarinyar nan mai murmushi, a ce wannan launi ba ya fita sai gashi ya tsiro? Dalili a fili yake, kamfanin da ya sayar da baƙin sau da yawa shi ke sayar da maganin cire shi, da man gyaran abin da maganin ya ɓata.

Kada kuwa mai karatu ya ce wannan ta Turawa ce kaɗai. Kwalin baƙin rinin nan yana nan a kasuwanninmu, dattawa na saye don ɓoye furfura a kai da gemu, haɗinsa kuma iri ɗaya ne. Ran da mutum ya gaji ya so komawa ga furfurarsa, zai tarar da layin nan a gindin gashi yana jiransa. Sai dai shi namiji ya fi su sa'a, gama wanzami na iya gama masa da aska cikin minti goma abin da zai ci mace shekara biyu.