Tsakanin Jari-hujja da Jari-bola

Hausa ba ta da kalma guda ta kiran aikin da mutum yake yi don nishaɗi kawai. Sai mun ja magana mu ce "aikin sha'awa". Sana'a kuwa kowace da sunanta: ƙira, jima, dukanci, saƙa. Wannan ba talaucin harshe ba ne. Wanda ya ƙoshi shi yake ƙira don sha'awa. Maƙerin da ke Nima don tuwon dare yake hura wuta.

Na faɗi haka ne saboda waƙar da ake ta rera wa matasan zangunan Accra, cewa da zarar yaro ya iya rubuta manhajar kwamfuta, ko ya sami na'urar da ke fitar da abu daga zane, to talauci ya kau. A 2025 ma gwamnatin John Mahama ta ƙaddamar da shirin koya wa mutum miliyan ɗaya wannan fasaha. Ni dai ra'ayina shi ne, harkar nan yadda aka tsara ta, masu jari take yi wa bauta.

Tarihinta a Amurka, inda ta samo asali, ya isa shaida. A 1975 wasu masu sha'awar kwamfuta suka kafa ƙungiya a California suna musayar zane kyauta. Daga cikinsu Steve Wozniak ya fito, aka kafa Apple a 1976, kamfanin da a yau ya shahara da kulle kayansa. MakerBot ya ginu a kan zanen na'urar RepRap da 'yan sa-kai suka bari a buɗe, sai ya rufe nasa zanen a 2012, aka sayar da shi a 2013. Dandalin GitHub, rumbun da miliyoyin mutane suka zuba manhajojinsu kyauta, Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5, sannan aka horar da Copilot da abin da ke cikin rumbun, ana sayar wa waɗanda suka cika shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗalibin Hausa da ke raba dare yana zuba rubutu a intanet don kishin harshe, shi ma ya tambayi kansa rumbun wa yake cikawa.

A Accra kuwa abin ya fi fitowa fili. Google ya buɗe cibiyar bincike a 2019, aka yi ta guɗa. Twitter ya sanar da buɗe ofishinsa na Afirka a birnin a 2021. A watan Nuwamba na 2022, bayan Elon Musk ya sayi kamfanin, aka sallami kusan dukkan ma'aikatan. A tsakanin waɗannan shekaru ne, a watan Yuli na 2021, hukumomin yankin suka turo motocin rusau suka share kasuwar 'yan jari-bola ta Agbogbloshie, tare da ta 'yan albasa.

Su wa aka kora? Mutanen da, akasarinsu daga arewacin Ghana, suke farke mataccen injin su zaro tagullarsa, a narka alminiyo a zuba tukwane, a mayar da tsohon ƙarfe murhun gawayi. In akwai ƙere-ƙeren gida a Accra, to wannan ne. Masu zanen gine-gine DK Osseo-Asare da Yasmine Abbas sun gane haka, har suka kafa wani shiri na aiki tare da su. Ban ce wurin aljanna ba ne. Hayaƙin ƙona waya yana cin huhu, kuma ya gurɓata ƙasa da ruwan Odaw. Amma maganin hayaƙi kayan aiki ne, ba katafila ba. Ɗan boko in ya haɗa waya biyu a ɗaki mai sanyi, mai ƙirƙira ne, a ɗauke shi hoto. Ɗan jari-bola in ya yi abin da ya fi wannan, ƙazanta ce.

Za a ce mini: to, a hana yara koyo ke nan? A'a. Regina Honu da ƙungiyar Achievers Ghana sun koya wa 'yan matan Nima kwamfuta, kuma yarinyar da ta tsira daga auren wuri ta wannan hanya ba ta bukatar izinina kafin ta yi murna. Ilimin ba shi da laifi. Inda nake jayayya shi ne, horo irin na makonni kaɗan yana samar da hannuwa masu araha, ba masu mallaka ba. Dandalin da yaron Maamobi zai nemi aiki a kansa na wani ne, shi yake yanke lada, shi yake cire kasonsa. Mai gyaran waya a Tip Toe Lane ya fi yawancin masu takardar shaida sanin cikin na'ura, amma kamfanoni suna ƙara manne wayoyin da gam suna ɓoye zanensu.

Tun 2017 aka yi dokar kafa Asusun Raya Zanguna. Abin da nake so in ga ya yi shi ne ya sayi fili mai takarda a Nima ko Maamobi, da sunan ƙungiyar masu sana'a, inda mai walda da mai gyaran waya da mai rubuta manhaja za su yi tarayya a kan injuna, su riƙe mabuɗin da kansu, ribar kuma ta shiga adashinsu.