Shafin Lafiyar Iyali: Ƙwayar Jinkirta Al'ada

Uwargida, a Sheshe da sauran unguwannin cikin birnin Kano mata sukan sayi Primolut N a kemis don jinkirta al'ada saboda biki ko tafiya. Tana aiki, amma ba ta hana ɗaukar ciki, kome rantsuwar maƙwabciya.

Takan kawo tashin zuciya, ciwon kai, da ciwon nono. Waɗannan da sauƙi. Amma in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Ki daina sha, maigida ya kai ki Asibitin Murtala nan take.

Mai ciki, da mai ciwon hanta, da wadda jini ya taɓa daskare mata, kada su sha sam. Sauran kuwa su fara ganin likita tukuna.