LAFIYA UWAR JIKI: Ido kan tona asirin ƙwaƙwalwa

A Garwa duk mun san faɗuwar babur. Mutum ya bugi kwalta da ka, ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiya lau, can cikin dare sai amai, sai barci mai nauyi. Dalili kuwa, ƙoƙon kai ba ya buɗawa. In jini ya taru a ciki, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, matsi kan yi ta ƙaruwa har ya danne gurbin da ke kula da numfashi. Sanƙarau ma haka yake yi, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau kan yaro.

Sikana ce ke nuna wannan sosai, sai dai akwai tsada, ga shi mutumin Gidar ko Poli sai ya sha hanya kafin ya kai gare ta.

To, ashe na'urar ekografi, wadda ake duba masu juna biyu da ita, tana iya ba da labari. Jijiyar gani tana cikin wani kube ne, kuma ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yana shiga cikinsa. In matsi ya yi yawa, sai kuben ya buɗe. Likita kan sa majiyyaci ya rufe ido, ya shafa mai a fatar idon, ya ɗora na'urar a hankali, ya auna faɗin kuben milimita 3 bayan ƙwayar ido. Ga babba, in ya kai milimita 6, akwai abin tsoro. Ba allura, ba yanka, mintoci kaɗan an gama.

Likitocin Jamus biyu, Hansen da Helmke, suna cikin waɗanda suka kafa wannan awo wajen 1996 da 1997. A 2008 aka buga sakamakon gwada shi ga yara a Bilantaya ta ƙasar Malawi, inda sauro ke ɓarna kamar nan bakin Binuwai.

Kada dai mu ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Awon ba ya faɗin ko jini ne ko ƙari, ba a yin sa in idon kansa ya fashe, kuma hannun da bai ƙware ba kan yi kuskuren milimita guda, wanda a nan ba ƙaramin abu ba ne. Amfaninsa shi ne likita ya san wa za a fara sa wa a mota. Mu a ganinmu, tunda Garwa na da makarantar koyon likita, ya kamata a koya wa ɗalibai wannan awo kafin a tura su asibitocin ƙauye.