Ni da Motar Kara

Masu bibiyar wannan fili sun san ni da zane. A ba ni fensir da takarda, sai in manta da abinci. To, makon jiya ƙanena ɗan aji biyar a firamare ya dawo daga hutu a ƙauye, ya leƙa motar da nake zanawa ya ce, "Yaya, ta yi kyau, amma ai ba ta tafiya."

Maganar ta tsaya min a rai. Ban taɓa yin motar kara ba, don a birni na tashi, kuma gaskiya tsoron kunya ne ya hana ni gwada duk abin da ba zane ba. Da yake kaka ce, ba a rasa karan dawa. Na samo busassu guda 6, da reza, da tsohon silifas.

Abin da na fara koya shi ne kara kashi biyu ne. Akwai ɓawo mai ƙarfi, akwai totuwa mai laushi a ciki. Totuwar ita ce katakonka. Ɓawon kuma za ka tsaga shi siri-siri ka fiƙe, ya zama ƙusa. Ba gam, ba zare. Ku yi hankali, ɓawon nan yana yanka kamar wuƙa. Ɗan yatsana shaida ne.

Jikin motar bai ba ni wuya ba. Taya ce ta kusa sa ni haƙura. Na yanko huɗu daga silifas, na huda su da ka, na soke tsinke ta cikin totuwa. Da na tura, ko motsi. Totuwar ta riƙe tsinken gam. Ƙanena ya yi dariya har da faɗuwa, sannan ya ɗauko bututun tsohon biro ya ɗaure a ƙasan motar, ya zura tsinken ta ciki. Nan take taya ta juya, sai dai tana ɗingishi, saboda hudar ba a tsakiya take ba.

A nan ne zanena ya yi rana. Na yanki takarda daidai girman tayar, na ninka biyu, na sake ninkawa. Inda layukan suka haɗu, nan ne tsakiya. Abin da malamin lissafi ke ta faɗa kan da'ira ke nan muna hamma. Wannan karon ƙanena ne ya ce in nuna masa.

Yamma uku na ɓata. Motar tana tafiya, ko da yake har yanzu hagu take ja, ina zargin tsinken gaba ne ya karkace.

Idan ɗinki ko saƙa kika saba, ko kai gwanin ƙwallo ne kawai, ku nemo kara kafin a kwashe na bana. A aiko mana da hoton abin da aka haɗa ta hannun malaminku, har da wanda ya lalace. Mako mai zuwa zan gwada saƙar faifai, an ce ta fi wannan cin rai.