Ana Iya Koyar da Ladabi a Aji, In an Horar da Malami

A ƙarshen shekarun 1960, wata malamar aji huɗu a jihar Kansas ta Amurka, Muriel Saunders, ta rasa yadda za ta yi da surutun ajinta. Sai ita da wasu masu bincike biyu suka fito da wata dabara mai sauƙi. Aka raba yaran gida biyu. Duk wanda ya tashi daga kujerarsa ko ya yi magana ba izini, sai a ja wa ƙungiyarsa layi ɗaya a allo. Ƙungiyar da layukanta ba su yi yawa ba ita ce za ta fara shiga layin abinci, ta kuma sami ɗan lokacin wasa kafin a tashi. Ba bulala, ba tsawa. Aka wallafa sakamakon a 1969, dabarar ta yi suna da Good Behavior Game, wato wasan kyakkyawan hali.

Abin da ya sa maganar ta wuce labarin aji ɗaya shi ne gwajin birnin Baltimore. Daga 1985, Sheppard Kellam na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa suka gwada wasan a azuzuwan 'yan aji ɗaya da biyu, suka bar wasu azuzuwan yadda suke domin kwatanci. Ba su tsaya nan ba, suka bi sawun yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21. Samarin da suka yi wasan suna ƙanana sun fi takwarorinsu tsira daga shaye-shaye da aikata laifuka, kuma waɗanda suka fi amfana su ne yaran da tun farko aka fi kuka da rashin jinsu, wato waɗanda malami kan ce ba za su shiryu ba.

Ba wannan wasa kaɗai ya nuna haka ba. A 2011 Joseph Durlak da tawagarsa suka tattara bincike kan shirye-shirye 213 na koya wa yara haƙuri, danne fushi da zama da mutane, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da 270,000. Hali ya gyaru, karatu ma ya ƙaru: ɗalibin da ke tsakiyar yara ɗari ya haura kimanin mataki 11.

Sai dai duk mai son gaskiya dole ya ambaci Ingila. An gwada wasan Good Behavior Game a makarantun firamare 77, rahoton 2018 kuma ya nuna bai ƙara komai ba, a karatu ko a ɗabi'a. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun da aka ba wa shirin sun watsar da shi kafin wa'adi ya cika. Malamai da dama sun ga yana cin lokacin darasi. Wannan ba dalilin yin watsi da batun ba ne. Yana nuna cewa shirin da ya tsaya a takarda, malami bai rungume shi ba, kuɗi ne aka zubar.

Misalin da ya fi kusa da makarantun ƙasar Hausa yana Uganda. A gundumar Luwero, ƙungiyar Raising Voices ta gwada shirinta a makarantun firamare 42, rabi da shirin, rabi babu. Malaman aka fara yi wa aiki: yadda za su ladabtar ba da duka ba, da yadda ɗalibai za su sa baki wajen kafa dokokin makaranta. Sakamakon 2015 ya nuna dukan da ma'aikata ke yi wa yara ya ragu da kashi 42 cikin ɗari.

Iyaye da yawa za su ce tarbiyya daga gida take farawa, kuma gaskiyarsu ne. Amma yaro yana wuni a gaban malami, malamin da sau tari aka danƙa masa aji maƙil da yara, ba a koya masa wata hanyar tsawatarwa ba sai wadda shi ma aka bi da shi. Saboda haka ya kamata kwalejojin horar da malamai a Najeriya da Nijar su sa irin waɗannan dabarun cikin abin da ɗalibi zai gwada da hannunsa lokacin koyon aikin koyarwa, a kuma ware wanda zai riƙa leƙa ajinsa bayan ya kama aiki.